An ba jihohi damar yin wutarsu: me ake lissafawa kafin tasha ta ba da wuta tsayayya?

Tun da aka gyara kundin tsarin mulki a watan Maris na 2023, sannan Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki a watan Yunin shekarar, maganar da ke yawo a majalisun hira na Gombe da Bauchi ita ce, toh yanzu ai gwamna zai iya gina tasharsa mu huta da ɗauke wuta. Ana ta ganin hotunan sa hannu a takardun fahimtar juna tsakanin jihohi da kamfanoni, ana kiran megawat ɗari, megawat ɗari biyu, amma mai walda a Jekadafari ko mai niƙa a Wunti har yanzu dizal yake saye. Dokar ta buɗe ƙofa da gaske, sai dai tsakanin sa hannu da ranar da fanka za ta juya akwai dogon aikin injiniyoyi da masu tsarawa wanda ba a cika nuna shi a talabijin ba, kuma a wurin ne ake sanin tashar za ta yi aiki ko kango za ta zama.

Kalmomin da suke rikita mutane

Megawat ƙarfin inji ne a lokaci guda. Abin da mita ke cinyewa kuwa yunit ne. Tasha mai megawat 1 in ta yi awa ɗaya cur tana aiki da cikakken ƙarfinta, yunit 1,000 kenan ta bayar. Shi ya sa lambar da ake rubutawa a allon kwangila ba ta isa a yi hukunci da ita ba, sai an tambaya awa nawa a shekara injin zai iya riƙe wannan ƙarfin. Najeriya tana da injinan da a takarda sun kai kusan megawat 13,000, amma abin da ke isa layi yawanci tsakanin 4,000 ne zuwa 5,000, kuma mafi yawan da aka taɓa turawa a lokaci guda wajen 5,800 ne.

Sannan harkar kashi uku ce tun da aka sayar da kadarorin PHCN, tsohon kamfanin lantarki na gwamnatin tarayya, a Nuwamban 2013. Akwai masu samar da wuta, akwai kamfanin TCN mai manyan layukan dakon wuta wanda ya rage a hannun gwamnatin tarayya, akwai kamfanonin rarrabawa guda 11 da aka raba wa ƙasar. Bauchi da Gombe suna ƙarƙashin JED ne, kamfanin rarraba wuta na Jos, tare da Filato da Binuwai. NERC, hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, ke sa ido da yanke farashi, amma a sabuwar dokar, jihar da ta yi nata doka ta kafa nata hukumar za ta iya karɓar ikon kasuwar cikin gidanta, kamar yadda Enugu da Ondo da Ekiti suka fara a 2024.

Takardar fahimtar juna kuma ba kwangila ba ce. Ba ta tilasta wa kowa zuba ko sisi. Takardar da banki ke dubawa kafin ya ba da bashi ita ce yarjejeniyar sayen wuta, wadda ke cewa wane ne zai sayi wutar, a nawa, na shekara nawa, kuma wa zai biya in ya kasa.

Aikin da ake yi kafin a haƙa rami ko ɗaya

Abu na farko, lissafin buƙata. Injiniyoyi suna bin fida-fida, wato layukan da ke kai wuta unguwanni, su auna nawa ake ja da rana nawa ake ja bayan magariba, su ƙiyasta nawa ne ke ɓoye a cikin janaretoci wanda zai dawo layi ranar da wuta ta tsaya, su kuma hango shekara goma ko ashirin gaba. Wannan yana da wuya a garin da mutane da yawa ba su da mita, domin bil ɗin ƙiyasi ba ya nuna gaskiyar abin da aka sha.

Na biyu shi ne abin da zai juya injin, kuma nan ne ayyuka da yawa suka karye. In ruwa ne, ana neman bayanan shekaru masu yawa na yadda kogin ke gudu, ba na damina ɗaya mai albarka ba. Akwai wani ma'auni mai zane-zane da ake kafawa a bakin kogi, ma'aikaci ya zo safe da yamma ya karanta inda ruwa ya kai ya rubuta a littafi, aikin da ba wanda ke kallonsa da daraja amma da wannan littafin ake yanke girman injin da za a sayo na biliyoyin naira. In shekarun da aka rubuta sun yi kaɗan ko akwai giɓi, sai a sayo injin da ya fi ƙarfin kogin, ya riƙa cika baki a Agusta da Satumba ya yi sanyi a Afrilu, daidai lokacin da zafi ya sa kowa ke neman wuta. Ana kuma auna yashi da laka da ruwa ke kwasowa, domin su ne ke cike cikin dam a hankali.

In sola ce, ana auna hasken rana a filin kansa, ana lissafa ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan faranti da ruwan da za a wanke su da shi, da kuma zafin Maris da Afrilu, wanda mutane da yawa ba su san rage ƙarfin faranti yake yi ba. In gas ne, tambayar ita ce ina bututu, wa zai sayar, an sa hannu ko ba a sa ba.

Bayan nan sai binciken ƙasa da dutsen da za a ɗora gini a kai, binciken tasirin aikin ga muhalli da jama'a wanda doka ta wajabta tun 1992, maganar fili da diyya, sai nazarin yadda tashar za ta haɗu da layi. Dole injiniyoyin da za su sa hannu a zane su kasance masu rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, kuma NEMSA, hukumar tabbatar da ingancin kayan lantarki, ke duba kayan aikin kafin a kunna. Akwai kuma wanda ake kira injiniyan mai aiki, wato kamfani daban da gwamnati ko mai jari ke ɗauka ya tsaya a madadinsa ya duba ɗan kwangila. In aka ce za a yi tsimi a bar ɗan kwangila ya yi zane, ya yi gini, ya kuma duba kansa da kansa, to an riga an san inda za a kwana.

Duka wannan binciken kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da kuɗin ginin, amma yana cin lokaci, wani shekara ɗaya wani biyu ko fiye, shi kuma ɗan siyasa shekara huɗu gare shi. Wannan saɓanin shi ne tushen matsaloli da dama.

Dadin Kowa, da tambayar da mutanen Gombe ke yawan yi

An gama dam ɗin Dadin Kowa a kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, tun a shekarun 1980. An yi shi da niyyar noman rani da ruwan sha da lantarki, amma sashen lantarkin ya zauna sama da shekara talatin kafin tashar megawat 40 ta fara aiki ta hannun kamfanin Mabon da aka ba jinginar wurin. Ruwa na nan duk tsawon lokacin, abin da babu shi ne kuɗi da yarjejeniya da wanda zai ɗauki nauyin kammalawa.

Toh ga tasha a kusa, me ya sa har yanzu ake ɗauke wuta a Gombe? Amsar injiniya kashi-kashi ce. Megawat 40 ƙarfin ƙoli ne, yana hawa yana sauka da yawan ruwa, kuma ruwan ba na lantarki kaɗai ba ne, garin Gombe na sha daga nan, manoman rani na jira, na ƙasan dam kuma na tsoron ambaliya in an saki da yawa lokaci guda, saboda haka akwai jadawalin sakin ruwa da ba mai tashar kaɗai ke yanke shi ba. Sannan tashar da ke haɗe da babban layin ƙasa, wutarta cikin layin take shiga a raba bisa tsarin kasuwa, ba wai garin da ya fi kusa ke fara ɗiba ba. Akwai kuma wani abu na fasaha: duk injinan da ke kan layin ƙasa suna juyawa ne tare a kan bugun 50 a daƙiƙa, in babban layin ya faɗi, na'urorin kariya kan cire ƙaramar tasha don kar ta ƙone. Kafin tasha ta iya riƙe gari ita kaɗai, sai an tsara hakan da gangan, an ware fidodin da za ta ɗauka daidai ƙarfinta, an sa mata abin da za ta tashi da kanta ba tare da wutar waje ba, an kuma yi yarjejeniya da kamfanin rarrabawa. Wannan shawara ce ta teburin zane.

Layi ɗaya tal

A Afrilun 2024 ɓarayi suka kayar da turakun babban layin 330kV da ya taso daga Jos zuwa Gombe. Gombe da Yola da Jalingo da sauran garuruwan da ke rataye da wannan layin suka yi makonni a duhu ana tsakar zafi. Wanda ya zauna a garin lokacin ya ga yadda ƙanƙara ta yi tsada, masu ruwan leda suna sayar da shi da ɗumi, masu cajin waya sun jera soket a kan benci janareto na ta kuka tun safe har dare, famfunan burtsatse masu aiki da wuta sun tsaya 'yan garuwa sun ƙara kuɗi. A Oktoban shekarar kuma aka sake wani wanda ya shafi kusan Arewa gaba ɗaya, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya samu matsala. Maiduguri ta riga kowa ɗanɗana wannan tun 2021 da 'yan ta'adda suka fasa turakun hanyar Damaturu, har sai da NNPC ta gina tashar gaggawa ta megawat 50 mai aiki da gas aka buɗe ta a 2023.

A duk waɗannan lokutan tashoshin ƙasar ba su daina samar da wuta ba, hanya ce ta yanke. Ƙa'idar da injiniyoyin layi ke aiki da ita a duniya ita ce a tsara yadda in abu ɗaya ya lalace, layi ne ko transfoma, wuta za ta zagaya ta wata hanyar. Arewa maso Gabas ba ta da wannan gatan, a wutsiyar layi take, kuma yawancin tashoshin gas da ke ba ƙasar kusan kashi uku cikin huɗu na wutarta suna Kudu, sai wuta ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta iso, ta iso a gajiye. Dalilin wutar nan mai rauni da ba ta iya tayar da firij kenan, ko da yake wani lokacin laifin transfomar unguwa ce da aka ɗora wa gidajen da suka fi ƙarfinta.

Ayyukan da suka tsaya, da wanda ya tafi

A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da NBET, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, kan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, yawancinsu a Arewa. Ɗaya daga ciki ta megawat 100 ce a Ganjuwa ta jihar Bauchi. Rana akwai, fili akwai, amma aka tsaya ana ja-in-ja kan farashi da kuma garantin da gwamnatin tarayya za ta bayar in mai saye ya kasa biya, aikin bai tashi ba. Tashar iska ta megawat 10 a Lambar Rimi ta Katsina ta shafe sama da shekara goma ba a kammala ta ba, har da sace injiniya ɗan Faransa a 2012. Tashar Kudenda ta megawat 215 a Kaduna ta daɗe tana jiran abin da za ta ƙona. Wasu daga tashoshin NIPP, shirin gwamnati na gina sababbin tashoshi, da aka fara zamanin Obasanjo an gama gininsu gas bai iso ba ko layin kwashe wutar bai kammala ba. Tashar ruwa ta Mambilla a Taraba, da aka tsara ta ba da megawat 3,050, kuwa shari'a ta riƙe ta.

A ɗaya gefen akwai Azura a Edo, mai megawat 461, wadda ta ɗauki shekaru ana tsara takardunta, gas, layi, garantin Bankin Duniya, amma da aka fara gini an gama a 2018 kafin wa'adi. Ita ma tana da masu suka, saboda yarjejeniyarta ta ce a biya ta ko an kwashi wutar ko ba a kwasa ba, kuma nauyin yana komawa kan gwamnati. Ko a nan gida, kamfanin siminti na Ashaka da ke haƙar kwal a Maiganga ya yi wa kansa tasha, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: makamashin nasa ne, mai shan wutar shi ne, ba ya jiran kowa ya biya bil.

Ra'ayoyi sun rabu

Masu cewa jiha ta gina da kuɗinta suna da hujja: masu jari ba sa gaggawar zuwa inda masana'antu suka yi ƙaranci, in an tsaya jiransu za a daɗe. Masu adawa suna nuna kamfanonin jihohi da suka mutu a baya, suna cewa gini ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce safaya da sabis a shekara ta biyar bayan gwamnan da ya gina ya sauka. Su sun fi son jiha ta tsaya a samar da fili, doka, tsaro da bincike mai inganci wanda mai jari zai iya ɗauka ya kai banki. Amma mai jarin zai nemi garanti, kuma garantin jiha yana nufin in abu ya lalace a zare daga kason da take samu daga Abuja.

Kan makamashi ma haka. Sola ta fi saurin ginawa kuma yankin nan na da rana, tashar megawat 10 ta Kumbotso a Kano da aka buɗe a 2023 ta nuna ana iyawa. Sai dai in an raba abin da sola ke bayarwa a kan awa 24, wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na lambar da ke allo, kuma lokacin da gidaje suka fi jan wuta bayan magariba ne, sai da batir, batir kuma tsada. Tana cin fili sosai, kusan hekta biyu ga kowane megawat. Gas na iya aiki dare da rana, amma bututun AKK da aka fara a 2020 Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya nufa, bai biyo ta nan ba. Akwai fatan filin mai da gas na Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda Buhari ya ƙaddamar da aiki a Nuwamban 2022 da tsarin da ya haɗa da tashar lantarki, amma ba injiniyan da zai sayo inji kafin a tabbatar da yawan gas ɗin da ranar fitowarsa. Kwal akwai shi a Akko ta jihar Gombe, sai dai manyan bankunan duniya sun ja baya da ba da bashin kwal, ga ƙorafin ƙura da ruwa daga mazauna kusa da mahaƙa. Sabon dam kuma, tarihin dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a Bauchi ya isa misali: tun zamanin Shagari ake magana, mutanen Bauchi na son noman rani, na ƙasan kogi a Yobe da Borno na tsoron fadamunsu su bushe. Haɗa sola da rana da ruwan dam da dare shi ne abin da ya fi dacewa da yanayin Gombe a lissafi, in an yi tsarin sakin ruwan da kyau.

Akwai kuma masu cewa a bar maganar manyan tashoshi tukun, a sa kuɗin a layi na biyu, transfomomi da mita, a kuma ba ƙauyuka ƙananan tashoshin sola masu zaman kansu irin waɗanda REA, hukumar kai wuta karkara, ke tallafawa, musamman da shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2023. Ga ƙauyen da ba a taɓa kai wa turke ba wannan ya fi kusa da gaskiya. Ga injin casar shinkafa babba ko masana'anta kuwa, ƙaramar tasha ba za ta ɗauka ba.

Abin da zai taɓa aljihun talaka

Farashi ne farko. A Afrilun 2024 NERC ta ɗaga kuɗin Band A, masu alkawarin awa 20, zuwa naira 225 kan yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa 200 da 'yan kai. Sauran rukunan gwamnatin tarayya ke cike giɓinsu da tallafi, tallafin da ba a biya kan lokaci, har kamfanonin samar da wuta suka ce bashin da suke bi ya kai tiriliyoyin naira. Jihar da ta karɓi kasuwarta za ta fuskanci wannan tambayar kai tsaye: ta sa farashin gaskiya, ko ta biya bambancin daga baitulmalinta. Ga mai walda ko tela da ke ƙona fetur kullum, wutar layi mai tsada da ba ta yankewa ta fi masa arha a kan janareto. Ga gidan da kwan fitila uku da fanka ɗaya ne, ƙarin kuɗin zai ji shi sosai, musamman in ba mita.

Sai fili. Tashar sola ta megawat 100 gonaki ne masu yawa da burtalin dabbobi, kuma a lokacin binciken muhalli ne doka ta ba mutanen wurin damar a saurare su, ana ajiye rahoton a fili na wasu kwanaki don jama'a su duba su yi ƙorafi. Wanda ya bari sai buldoza ta iso ya makara. Aikin yi kuma yana yawa ne lokacin gini, in an gama mutane kaɗan tasha ke riƙewa kuma masu horo take nema, shi ya sa ya kamata a ga sunan jami'ar ATBU da kwalejojin fasaha na jihohin biyu tun a cikin yarjejeniya.

In an sake sanar da sabuwar tasha, akwai abubuwan da ɗan jarida ko ɗan majalisar jiha zai iya nema a nuna masa a rubuce: rahoton binciken yiwuwar aikin da sunan kamfanin da ya yi shi, yarjejeniyar gas ko bayanan ruwa ko na rana, tashar da za a haɗa wutar da ita da ko transfomarta za ta ɗauka, wanda ya sa hannu zai saya da farashin yunit, abin da jiha ta jingina a matsayin garanti, da kuma kamfanin da zai riƙa sabis da inda kuɗin safaya zai fito.